Wace karabina zan saya don hawan dutse, kuma yaya ake aiki da ita?

"Malam, barka da aiki. Na fara koyon hawan dutse a bangon horo, har yanzu da kayan aro nake yi, amma ina so in mallaki nawa. Da na duba karabina sai kaina ya ɗaure: wata ƙofarta waya ce, wata a lanƙwashe, wata murɗa mata kulle ake yi, wata da kanta take kullewa. A jikinsu an rubuta 22, 24, wata har 27. Shin mai babbar lamba ita ta fi aminci? Guda nawa mai koyo yake bukata? Kuma na ji an ce in karabina ta faɗo ƙasa daga sama sai dai a jefar, gaskiya ne?"

Ɗan'uwa, barka kadai, na kuma ji daɗi da ka tsaya tambaya kafin ka saya. Abu uku ka haɗa: ma'anar lambobin da ke jikin ƙarfen, irin da ya dace da kai da adadinsa, sai maganar faɗuwa. Duk zan bi su, amma bari in fara da abin da nake gaya wa wanda nake koyarwa tun ranar farko. Karabina dai maƙalar ƙarfe ce mai ƙofa, da ita ake haɗa igiya da sauran kayan hawa. Duk karabinar da aka ƙera don hawa, aka gwada ta, aka buga mata hatimi, ƙarfinta ya ishe ka muddin ƙofarta na rufe kuma nauyi na bin tsawonta. Bambancin 22 da 27 ba nan gizo ke saƙar ba. Karabina tana karyewa ne in ƙofarta ta buɗe, ko ta juya a gicciye, ko hancinta ya maƙale, ko ta kwanta a kan gefen dutse. Don haka zaɓenta da aiki da ita duk abu ɗaya suke nema, wato ta zauna daidai a lokacin da nauyi ya faɗo mata.

Abin da lambobin ke faɗa

Ɗauki guda ka juya ta a hannunka. Dogon gefen da ba ya buɗewa shi ne gadon bayanta, can ƙarfinta yake. Ɗaya gefen ƙofa ce mai sifirin, wurin da bakin ƙofar ke haɗuwa da jiki kuma shi ne hanci. A gadon bayan lamba uku za ka gani, kowace da 'yar alamarta. Ta farko ƙarfinta ne in an ja ta ta tsawo, ƙofa a rufe. Ta biyu in an ja ta a gicciye, daga gadon baya zuwa ƙofa. Ta uku, wadda ke kusa da hoton karabina a buɗe, in an ja ta ta tsawo alhali ƙofa ba ta rufu ba. Awon kilonyuton ne, ana rubuta shi kN, kuma kN ɗaya ya yi kusan nauyin kilo 100 a rataye. Ke nan 22 ya haura tan biyu.

Ƙa'idoji biyu ake bi wajen gwajin: EN 12275 ta Turai, da UIAA 121 ta ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya. Mafi ƙarancin da suka yarda da shi ga karabinar yau da kullum shi ne 20 kN ta tsawo, 7 a gicciye, 7 in ƙofa na buɗe. Wannan 20 ɗin ba da ka aka yanka shi ba. Igiyar hawa tana miƙewa don ta shanye faɗuwa, kuma a gwajinta mai tsanani, da nauyin kilo 80, ba a yarda ta bugi mai hawa da abin da ya wuce 12 kN ba. Karabinar da ke can sama kuwa ja biyu take ɗauka, na wanda ya faɗi da na mai riƙon igiya a ƙasa. Gugar igiya a jikin ƙarfen tana cinye wani kaso, sai na ƙasan ya zama wajen 8. In ka haɗa ka sami 20.

A wurin hawa na gaske ba a cika kusantar wannan ba. Kamfanin Petzl ya auna faɗuwar mutane na gaske, ya sami 4 zuwa 6 kN a kan maƙalin sama, gwargwadon tsananin faɗuwar. To ka ajiye wannan 6 ɗin kusa da lambobi ukun nan. Tsakaninsa da 20 akwai fili mai yawa. Tsakaninsa da 7 kusan babu komai. Shi ya sa in na ɗauki karabina, lamba ta uku nake fara dubawa. Wadda ta ba ni 9 ko 10 ƙofa a buɗe ta fi kwanta mini a rai fiye da mai 27 ta tsawo da 7 a buɗe.

Kafin duk wannan, ka tabbata abin da ke hannunka na hawa ne. Ka ga lambobi ukun, ka ga alamar CE da lamba huɗu a bayanta, ko hatimin UIAA, kuma ta zo da takardar bayaninta. Na rataye makulli da gorar ruwa suna kama da ita sosai, har da launi, amma ko nauyin mutum a tsaye ba a yi su don shi ba. Kada ma ka haɗa su jaka ɗaya da kayan hawa. Jabu ma akwai: a shekarar 2011 Petzl ya yi gargaɗi cewa an kwaikwayi wasu kayansa, har da karabinar Attache, kuma na bogin ba su kai ƙarfin da aka rubuta musu ba. Ka saya a hannun dillalin da aka sani da kayan hawa. A nan kam araha ba ta ado.

Siffa da ƙofa

Siffa uku za ka fi gani. Mai kama da harafin D tana tura igiya zuwa kusurwar gadon baya, shi ya sa ta fi ƙarfi a kan nauyinta, kuma yawancin na zamani D ce da aka ɗan faɗaɗa kanta don ƙofa ta buɗe sosai. Mai siffar ƙwai tana raba nauyi daidai tsakanin baya da ƙofa, don haka an sassauta mata zuwa 18 kN. Tana da amfani wajen riƙe 'yar tayar da igiya ke bi a kanta don jan nauyi, da jera kaya, amma mai koyo zai iya shekaru bai neme ta ba. Ta uku mai faɗin kai ce da siririn gindi, za ka ga harafin H ko HMS a jikinta. An yi ta ne don riƙon igiya, da ƙullin Munter (ƙullin da ake riƙe igiya da shi ba tare da na'ura ba) wanda ke bukatar fili ya juya, da wurin da za a haɗa ƙulli fiye da ɗaya.

Ƙofa kuwa, miƙaƙƙiya ita ce ta kowane aiki. Lanƙwasasshiya an yi ta don igiya ta faɗa ciki da sauƙi in hannu ɗaya ne gare ka, saboda haka wurinta ɓangaren igiya kawai, ba a sa ta a ƙusar da aka kafa a jikin dutse. Ta waya, wadda ta yaɗu tun tsakiyar shekarun 1990, mutane kan raina ta don siranta, alhali ƙarfinta bai gaza na sauran ba, har ma ta fi su da abu guda. Riƙe karabina mai ƙofar ƙarfe ka buga gadon bayanta a tafin hannunka, za ka ji ƙas. Ƙofar ce ta buɗe ta koma, saboda nauyinta. Haka take yi in ta bugi dutse lokacin faɗuwa, ko in igiya na gudu a cikinta tana girgiza ta, kuma in nauyi ya iske ta a wannan ƙiftawar, lamba ta uku ce ke aiki. Waya ba ta da nauyin da za ta yi wannan tsalle sosai, ba ta kuma cika daskarewa a ƙanƙara ba.

Sai hanci, wanda nake ba muhimmanci fiye da yadda mutane suka saba. Tsohon salo yana da 'yar tsaga kamar ƙugiya inda ƙofa ke shiga. Tsagar nan tana kama kunnen ƙusa, tana kama waya, tana kama maɗauri. In ta maƙale ta hana ƙofa rufewa, nauyi ya taru a kan hancin, nesa da gadon baya, wannan shi ne mafi raunin zaman karabina. A gwajin kamfanin Black Diamond, wadda ta maƙale haka ta karye a ƙasa da 2 kN, ƙarfin da ɗan tsalle a kan igiya zai iya kawowa. Mai sumul ɗin hanci, wadda ƙofarta ke shiga kamar makulli, ta rage wannan haɗari ƙwarai, ta kuma fi sauƙin cirewa in kana kwashe kaya. Kwikdiron da zan saya, wato karabina biyu da gajeren maɗauri ya haɗa, na ɓangaren ƙusarsa dole hancinsa ya zama sumul.

Abu na ƙarshe a nan shi ne girma. Akwai waɗanda ba su kai giram 25 ba, an yi su don masu dogon hawa da ke ƙirga kowane giram. Ga mai koyo wahala ce. Hannu ya gaji, yatsu na rawa, ga ƙaramar ƙofa. Ɗauki cikakkiya wadda ta zauna a hannunka, ka gwada buɗe ta da dama da hagu kafin ka biya.

Mai kulle da marar kulle

Dokar da nake bi mai sauƙi ce. Duk inda karabina ɗaya tak ke riƙe da ran mutum, mai kulle ake sawa: a na'urar riƙon igiya, wajen sauka da igiya, wajen ɗaure kai a turke (maƙalin da aka haɗa a jikin dutse don ya riƙe mutum ko igiya), da inda igiya ke ratsawa a saman hanya. Marar kulle tana aiki ne a maƙalan tsakiyar hanya, inda suke da yawa, kowace tana da wata a ƙasanta, kuma dole a sa igiya da hannu ɗaya cikin hanzari.

Mai murɗawa ita ce mafi sauƙin sha'ani. Ba ta cika lalacewa ba, ƙura ba ta dame ta ba, ana sarrafa ta da hannu ɗaya. Aibinta mantuwa, sai kuma guga, domin igiya ko dutse na iya warware ta a hankali. Mai kulle kanta ta magance mantuwa, amma ta zo da nata: yashi kan hana ta ƙarasa rufewa, bakin riga ko maɗauri kan shiga tsakani, mai ita kuma ya saki jiki ya daina dubawa. Mai motsi biyu, wadda ake murɗawa a tura, igiya na iya buɗe ta in ta bi ta kanta. In za ka sayi mai kulle kanta, ɗauki mai motsi uku. Ni dai da mai murɗawa nake fara koyarwa, don hannu ya saba da dubawa tun da wuri, amma ban ga laifin wanda ya zaɓi ɗayar ba. Kowace ce, gwajin ɗaya ne: matsa ƙofar da yatsa. Ido yana ruɗuwa, musamman da yamma ko in an gaji. Kafin kowa ya bar ƙasa, kai ka matsa ta abokinka, shi ma ya matsa taka.

Dabaru biyu game da mai murɗawa. Rataye ta yadda zoben kullen zai gangara ƙasa in yana kullewa, don girgiza ta ƙara kulle shi maimakon ta kwance. Kuma kada ka ƙara matse shi alhali nauyi na kanta, domin in nauyin ya sauka zai ƙi buɗewa. In hakan ta faru, mayar mata da nauyin sannan ka warware.

Abin da zan ce ka saya

A bangon horo guda ɗaya kake bukata: HMS mai kulle, mai kaurin ƙarfe zagayayye inda igiya ke bi, don na'urar riƙonka. Ka duba takardar na'urar tukuna, domin wasu sun fi zama da D, wasu kuma, irin su Click Up, tare da karabinarsu ake sayar da su don da siffarta suke kama igiya. Akwai HMS masu ɗan shinge a gindi da ke hana su juyawa a gicciye a ɗamarar hawa da ake ɗaurawa a ƙugu, kuma ga mai koyo ina ganin sun cancanci kuɗinsu.

In ka fita dutse kana hawa da igiya daga sama, ƙara masu kulle uku ko huɗu na D don haɗa turke. Inda igiyar ke ratsawa na fi son na baƙin ƙarfe guda biyu. Sun ninka na alminiyam nauyi, amma igiya mai ƙura ba ta cin su da sauri, kuma ba hawa za ka yi da su a ƙugu ba. Ranar da ka fara jan gaba, wato hawa kana maƙala igiya da kanka yayin da kake tafiya sama, a hanyoyin da aka kafa wa ƙusoshi, sannan ne maganar kwikdiro ta taso, wato karabina biyu da gajeren maɗauri ya haɗa. Goma zuwa sha biyu sun isa yawancin hanyoyi, mafi yawansu masu santimita 12, kaɗan masu 17 ko 18 don inda hanya ta karkace. Kada ka saye su tun yanzu. Bari ka taɓa na mutane ka san wanda hannunka ke so.

Inda ake samun matsala

Fara da ɗamararka. Igiya ana ɗaure ta ne kai tsaye da ƙullin takwas ta wurare biyun da aka tanada, ba a maƙala ta da karabina guda don jan gaba. Karabinar riƙo kuma a zoben riƙo ake sa ta, shi kaɗai. Wasu kan zura ta ta wuraren ɗaurin nan biyu suna ganin sun ƙara tsaro, alhali sun sa ana jan ta ta fuska uku, abin da ba a ƙera ta don shi ba. Zobban gefe na rataye kaya ne, ba a ɗora musu nauyin mutum ko sau ɗaya. Yayin riƙo ka riƙa kai ido ƙasa, domin a lokacin da igiya ta yi sako-sako ne karabina ke juyawa, zoben kullen ya sarƙe a na'ura, ta zauna a gicciye.

Kwikdiro yana da sama da ƙasa, ba a musanya su. Na saman, wanda ke lilo a sake, na ƙusa ne. Na ƙasan, wanda roba ta riƙe, na igiya ne. Kunnen ƙusa yana yi wa alminiyam zazzago, in ka juya shi wata rana sai igiyarka ta bi ta kan kaushin ta ci rigarta. Robar nan kuma aikinta kawai ta hana karabina juyawa, ba ta ɗaukar nauyi ko kaɗan. A shekarar 2013, a Orpierre ta ƙasar Faransa, wani yaro ɗan Italiya mai shekara 12, Tito Traversa, wanda ya riga ya yi suna a hawa, ya faɗo, daga baya ya rasu, saboda kwikdiron da aka haɗa ba daidai ba: karabinonin ta cikin roba kawai suka bi, ba su ratsa maɗaurin ba. A ido lafiya lau suke. Duk kwikdiron da ya zo hannunka, sabo ne ko aro, ka ja robar gefe ka ga ƙarfe ya ratsa ɗinkakken maɗaurin da idonka. Kuma kada ka taɓa sa irin wannan roba a dogon maɗauri buɗaɗɗe.

Wajen sa igiya, ta taso daga ƙasa ta ɓangaren dutse, ta ratsa karabina, ta fito waje zuwa ɗamararka. In aka yi akasin haka, lokacin faɗuwa igiyar na iya kwantawa a kan ƙofa, ta danna ta, ta fice gaba ɗaya. Ƙofa kuma ta kalli inda ba za ka nufa ba: in hanya ta yi dama, ƙofa ta kalli hagu. Idan ƙusoshi na kusa da juna, kamo igiya daga gindin ƙullinka, don kada ka ɗauko ta daga ƙarƙashin maƙalin da ya gabata. Wannan duka a ƙasa ake koyonsa. Nakan rataye wa ɗalibi kwikdiro a daidai tsayinsa ya yi ta sawa da dama da hagu, ƙofa nan ƙofa can, har ya daina tunani a kai.

Bayan ka maƙala, dubi yadda ta kwanta. In gadon bayanta ko tsakiyarta na kan gefen dutse, nauyi zai lanƙwasa ta kamar ana karya ta a gwiwa, ko tudun dutse ya tura ƙofar ta buɗe. Maganinsa maɗauri mafi tsawo, ta sauka ƙasa da gefen ta yi lilo a sarari. In masu kulle sun ƙare maka a turke, marasa kulle biyu za su tsaya a madadin ɗaya, da sharaɗin ƙofofinsu su kalli ɓangarori daban, yadda abin da zai buɗe ɗaya ba zai buɗe ɗayar ba. Sannan in ka ɗaure kanka a turke da maɗauri, zauna a ƙasa da shi, maɗaurin a miƙe. Maɗauri ba ya shanye faɗuwa kamar igiya, zamewa kaɗan daga sama da turken tana iya kawo bugun da ya fi na doguwar faɗuwa a igiya.

Maganar faɗuwa da ranar ajiye ta

Abin da ka ji ya samo asali ne daga tsoron ɓoyayyar tsaga da ido ba ya gani. Gwaje-gwajen da aka yi wa karabinonin alminiyam da suka faɗo ba su goyi bayan wannan tsoro ba: wadda ba ta nuna lahani a jiki ba takan kai ƙarfinta. Wadda ta suɓuce daga ƙugunka ta faɗi a gindin bango, duba ta ka ci gaba da aiki. Wadda ta gangaro daga dogon dutse tana bugun duwatsu, masu ƙerawa da yawa sun ce a ajiye ta, ni ma haka nake yi, domin in zuciyarka na kan ƙarfen ba za ka yi hawa mai kyau ba. A nan iyakata ke nan: ba na ganin taka, kuma rubutu ba ya maye gurbin malamin da zai tsaya kusa da kai ya ga yadda hannunka ke yi. Aikina kuma a dutse ne. Masu aikin igiya a gine-gine da masana'antu suna da tasu ƙa'idar, EN 362, kada a ɗauki maganata a kai can.

Dubawar ita ce: buɗe ƙofa ka sake ta a hankali, ta koma da kanta ta shiga hanci daidai, ba tare da ka taimaka mata ba. Duba tsaga, lanƙwasa, tsatsa, da ƙusar da ƙofa ke juyawa a kai. Sai ka bi da yatsa inda igiya ke gudu. A gaskiya wannan ne ya fi kashe karabina, ba faɗuwa ba. Igiya mai ƙura tana haƙa kwari a hankali, kuma in zurfinsa ya kai milimita ɗaya ko gefensa ya yi kaifi, aikinta ya ƙare, domin kaifin zai iya yanke igiya tun ƙarfen bai kusa karyewa ba. Ka fi kula da waɗanda aka bari a rataye a kan hanya kowa na bi, ka shafa su kafin ka sa igiyarka.

Ƙofar da ta yi nauyi sau da yawa datti ne kawai. Wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ta bushe sarai, ɗiga ɗan man shafawa a mahaɗar, ka goge ragowar don kada ya tara ƙura ko ya taɓa igiya. In ka yi hawa kusa da teku, ɗauraye gishirin a ranar. Ƙarfen ba shi da wa'adi in yana da lafiya, amma maɗaurin kwikdiro yana da shi: masu ƙerawa da yawa sun sa shekara 10 a matsayin iyaka ko da ba a taɓa aiki da shi ba, wanda ke shan rana da guga kuwa ba ya kaiwa. Shi ya sa in ka sayi na hannu, canza maɗauran ko da karabinonin sun yi kyau. In kana son shaida taka, sa ɗan tef ko fenti a gadon baya, ba a sassaƙa suna a jikin ƙarfen. Wadda ka yanke shawarar ajiyewa kuma, cire mata ƙofa ko ka yanka ta da zarto kafin ka yar, don kada wani ya tsinta ya hau da ita.